Ledar ruwa a firiza da saƙon da ya hana ƙanena barci

Daren wata Laraba, bayan sallar isha'i, ina zaune a teburin mai shayin layinmu a Agege sai ga ƙanena, ɗan ƙanin mahaifina, wanda ke dako a kasuwar Mile 12. Ya gaida jama'a a tsaitsaye, ko zama bai yi ba ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Yaya, don Allah saurari wannan. Kwana biyu ke nan barcina rabi da rabi ne."

Saƙon murya ne na minti huɗu da 'yan kai, irin wanda ke yawo daga waya zuwa waya har a rasa wanda ya fara shi. Mai maganar yana da murya a nutse da Hausa mai daɗin ji. Ya ce Turawa sun gano sararin samaniya zai fashe ba tare da wata alama ba, wani inji da suka binne a ƙarƙashin ƙasa ne zai jawo hakan, kuma manyansu sun sani suna ɓoyewa. Ya kawo aya, ya kawo sunan wani masani, ya rufe da cewa duk wanda ya ji ya tura wa mutum goma.

Da ƙarya ce tsagwaronta, da na ce masa ya goge ya je ya kwanta. Abin da ya dame ni shi ne akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Da gaske masana kimiyyar fiziks suna tattauna yiwuwar cewa sararin da muke ciki ba a kan tabbataccen zama yake ba. Sun shafe shekaru kusan 50 suna rubutu a kai, kuma ba a ɓoye suke yi ba. Fiziks na karanta, ita nake koyarwa a sakandare, don haka na san inda maganar ta samo asali. Mai saƙon ya ɗauki ƙwayar gaskiyar ya cire mata lissafinta, kuma a wannan batu lissafin shi ne komai. Ra'ayina shi ne, wannan ilimi ya cancanci a faɗe shi da Hausa, a faɗe shi cikakke da alƙalumansa, a majalisa da makaranta da gidan rediyo. Shirun waɗanda suka sani ne ya bar wa masu saƙon murya fili.

Ga yadda na yi wa ƙanena bayani, domin abin da ya taimake ni yana nan a shagon da ke kallon teburin mai shayi.

Duk wanda ya taɓa sayar da ruwan leda a Legas ya san wannan. Ranar da aka yi sa'a wuta ta kwana, ka buɗe firiza da safe sai ka tarar yawancin ledojin sun zama dutse, amma ɗaya ko biyu a gefe suna nan ruwa, alhali sanyin ya wuce inda ruwa ke daskarewa. Ka ɗauko ɗaya a hankali, ka ɗalle ta da yatsa ko ka dangwarar da ita a kan benci. Nan take wani farin abu zai ɓullo daga wuri guda, ya bazu kamar gajimare, kafin ka ƙirga biyar ledar ta zama ƙanƙara mai laushi a hannunka. Dattijon da ke da shagon ya ce mini shekara da shekaru yana ganin haka, yara ma har roƙonsa suke ya bar musu irin wannan leda su buga.

Me ya faru? A wannan sanyi, halin da ya fi dacewa da ruwan shi ne ƙanƙara. Ya zauna a matsayin ruwa ne kawai don bai samu wurin da daskarewa za ta fara ba. Zamansa na aro ne, ko da ya kwana a haka, ko da ido bai ga bambanci tsakaninsa da ruwan randa ba. Da zarar an samu ɗigo ɗaya da ya juya, sauran duk sai su bi.

Tambayar masana ita ce: shin sararin da muke ciki shi ma zaman aro yake yi?

In an ce fanko da Hausa ana nufin abin da babu komai a cikinsa, kamar fankon ashana. To ka ɗauki kwalba, ka zuƙe iskar ciki, ka kawar da ƙura da haske da ɗumi. A ganinmu ta zama fanko. A lissafin fiziks akwai abin da ya rage, wanda babu famfon da zai zuƙe shi. A shekarar 1964 Peter Higgs na jami'ar Edinbara a Birtaniya, da François Englert da Robert Brout a Beljiyam, da wasu masanan, suka kawo ra'ayin cewa akwai wata shimfiɗa da ba a gani wadda ta game ko'ina, daga cikin kwalbar nan har tsakanin taurari. Ita ce ke ba ƙananan ƙwayoyin halitta nauyinsu, irin su ilektiron, wanda ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra. Nauyin ilektiron kuwa shi ke yanke girman ƙwayar zarra, girman ƙwayar zarra shi ke yanke yadda ruwa da gishiri da jini da ƙarfe suke. Canza ƙarfin wannan shimfiɗa, ka canza komai da muka sani.

Shekara 48 aka yi ana jira kafin a tabbatar. Injin da mai saƙon murya ke magana a kai shi ne na cibiyar CERN, a kan iyakar Faransa da Siwizalan kusa da Janiba. Zobe ne a ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 27, ya ninka gadar Third Mainland sau biyu da ɗoriya. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke zaune a tsakiyar ƙwayar zarra, da gudun da ya kusa na haske, a haɗa su karo, a duba abin da ya fito. Ranar 4 ga Yuli 2012 aka ba da sanarwar ganin ƙwayar Higgs, wadda ita ce shaidar cewa shimfiɗar tana nan. A 2013 aka ba Higgs da Englert kyautar Nobel.

Tun kafin nan, a 1977, wani masani a jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Sidney Coleman ya zauna ya lissafa abin da zai faru idan shimfiɗa irin wannan tana zaune a matakin da ba shi ne mafi ƙasa ba. Amsarsa ta yi kama da ledar ruwan nan ƙwarai. A wani wuri, wani ɗan mitsitsin yanki zai juya zuwa matakin ƙasa. Yankin zai kumbura kamar kumfa, bangonsa yana tafiya da gudun da ya kusa na haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Babu wanda zai hango shi yana zuwa, domin hasken da zai kawo labarinsa kusan tare za su iso. A cikin kumfar dokokin halitta sun sauya, ƙwayar zarra irin tamu ba za ta tsaya ba. A 1980 Coleman da Frank De Luccia suka sake lissafin tare da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ga juna, suka ga cewa cikin kumfar ma yana iya durƙushewa a kan kansa cikin ƙiftawar ido.

A wuri ɗaya misalin leda ya gaza. Leda sai an ɗalle ta. Shimfiɗar Higgs ba ta buƙatar yatsan kowa. A duniyar ƙananan ƙwayoyi akwai wata ɗabi'a da hankalinmu na yau da kullum bai saba da ita ba: abu yana iya kurɗawa ta cikin katangar da ba shi da ƙarfin haurewa, jefi-jefi, ba tare da an tura shi ba. George Gamow ya yi amfani da wannan a 1928 wajen bayyana yadda yuraniyom ke fitar da ƙwayoyi daga cikinsa. Da wannan kurɗawa rana ke ƙona makamashinta, da ita kuma ƙwaƙwalwar wayar da ƙanena ya miƙo mini ke ajiye saƙon da ya firgita shi. Abu ne da aka auna, ba tatsuniya ba.

Zuwa nan ƙanena ya ƙara tsorata. Ya ce, "Ashe dai mutumin gaskiya ya faɗa." Na ce masa ya dakata, yanzu muka iso wurin da mutumin ya tsallake.

Ko muna zaman aro ko a'a, ya fi dogara ne a kan alƙaluma biyu. Na farko nauyin ƙwayar Higgs, wanda aka auna ya kai kusan na furoton 133. Na biyu nauyin wata ƙwaya da ake kira tof kwak, mafi nauyi cikin ƙananan ƙwayoyin da aka sani, wadda aka gano a cibiyar Fermilab kusa da Cikago a 1995, nauyinta kusan na furoton 184. Ta farko tana tallafar shimfiɗar, ta biyu tana jan ta ƙasa. Da aka sa alƙaluman biyu a lissafi bayan 2012, sai aka ga wani abin mamaki: mun faɗo dab da iyaka. Lissafin ya karkata ga cewa zaman na aro ne, amma da tof kwak ta yi sauƙi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, da zaman tabbatacce ne. Kuma auna nauyinta daidai aiki ne mai wuyar gaske, domin tana wargajewa kafin ta haɗu da komai.

To a ce zaman na aro ne, yaushe kumfar za ta ɓullo? Shekarun sararin samaniya zuwa yau biliyan 13.8 ne. In ka rubuta shi da alƙaluma, lamba 11 ce a jere. Lissafe-lissafen masana game da kumfar sun sha bamban, amma waɗanda aka fi ambato suna ba da shekarun da sai ka rubuta 1 ka bi shi da sifili fiye da 100. Na ari biro a wurin mai shayi, na fara jera sifili a bayan kwalin madara. Ban kai 40 ba wuri ya ƙare. Na ce wa ƙanena, duk ƙwayoyin zarra da ke cikin iyakar abin da na'urorinmu ke iya hangowa, da taurarinsu da ƙurarsu, an ƙiyasta adadinsu 1 ne da sifili kamar 80. Ko kowace ƙwaya ta tsaya a matsayin shekara guda, ba ka kama hanyar wancan adadi ba. Yashin bakin teku daga Badagry har Lekki ko lissafi bai shiga ba.

Maganar inji kuwa an daɗe da amsa ta. Tun a 1983 Piet Hut da Martin Rees suka duba wannan tambaya, suka nuna cewa halitta da kanta tana yin karon da ya fi na kowane inji ƙarfi, tun fil'azal. Ƙwayoyi masu tsananin gudu suna faɗowa daga sararin samaniya suna bugun iskar da ke samanmu dare da rana, suna bugun wata, suna bugun junansu. A 1991 wata na'ura a jihar Yuta ta Amurka ta kama guda ɗaya da ke ɗauke da ƙarfin da ya ninka na furoton ɗin CERN sau miliyoyi, ƙwaya ɗaya tak amma ƙarfinta kamar ka saki dutse mai kilo 5 daga tsayin mita guda. Biliyoyin shekaru ana wannan karo, sama ba ta tsage ba. A 2008, lokacin da za a kunna injin, an yi irin wannan firgici a Turai da Amurka, har kotu aka je. Aka kunna, ya yi shekaru yana aiki. Sunan masanin da mai saƙon ya ambata, Stephen Hawking, shi ma gaskiya ne ya taɓo batun a 2014, jaridu suka yi ta kururutawa. Amma a wurin ya faɗi cewa injin da zai kai irin wannan ƙarfi sai ya fi duniyarmu girma.

Kuma ko a lissafin masanan kansu, kumfar ba ita ce a gaban layi ba. Rana ta yi shekara biliyan 4.6, tana ƙara zafi sannu a hankali, nan da shekara biliyan 5 za ta kumbura ta yi ja ta haɗiye duniyoyin da ke kusa da ita. A 1998 rukunin masana biyu suka gano cewa sararin samaniya yana faɗaɗa kuma gudun faɗaɗar ƙaruwa yake, aikin da ya samu Nobel a 2011. In haka ya ɗore, gungun taurari za su yi ta nisa da juna, iskar da ake ƙera taurari da ita ta ƙare, na ƙarshe su mutu nan da shekara tiriliyan 100 ko makamancin haka. Sai baƙaƙen ramuka su rage, wato wuraren da ƙarfin jansu ko haske ba ya kuɓuce masa, su ma Hawking ya nuna a 1974 cewa suna tsiyayewa kaɗan-kaɗan har su ƙare. Duhu da sanyi ke nan. Wannan faɗaɗar ma tana nufin idan kumfa ta ɓullo a wuri mai isasshen nisa, ba za ta taɓa iso mu ba, domin tazarar tana ƙaruwa fiye da yadda za ta iya cimma.

Mai tsoratarwa laifinsa a fili yake, ba sai na daɗe a kansa ba. Mutumin da ke tashi ƙarfe huɗu na asuba ya ɗauki kwandon tumatir a ka har la'asar, barcinsa shi ne jarinsa. Wanda ya sace masa barcin kwana biyu don wayarsa ta yi farin jini ya ci amanarsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai kyakkyawar niyya, wanda da zarar ya ji masana sun faɗi wani abu sai ya yi wuf ya ɗora aya a kai, ya ce ga shi kimiyya ta tabbatar. Ina faɗin wannan da ladabi, domin cikinsu akwai malaman da na zauna a gabansu na ɗauki karatu. Ina yaro na sha jin wa'azin da ake cewa masana sun gano sararin samaniya zai daina faɗaɗa ya dawo ya dunƙule, kuma wannan shi ne naɗe sama da aka ba mu labari. A lokacin ra'ayi ne da masana ke ɗauka da muhimmanci. Sai awon 1998 ya zo ya nuna akasin haka. Yanzu kuma, a 2024 da 2025, masu aikin auna gungun taurari na DESI a jihar Arizona sun fitar da sakamakon da ke nuna alamar ƙarfin da ke tura faɗaɗar yana iya raguwa da tafiyar zamani, ana ta muhawara a kai. Haka kimiyya take, kuma wannan ba aibinta ba ne: tana auna, tana gyara. Amma wanda ya ɗaure imanin yaro a jikin awon bana, me zai ce masa in awon baɗi ya sauya? Na ga ɗalibi mai kaifin basira da ya shiga ruɗani saboda irin wannan, ya zo yana tambayata wanne ne ya yi kuskure, malaminsa na Islamiyya ko littafinsa na makaranta. Alhali ba a kan abu ɗaya suke magana ba tun farko.

Sanin lokacin tashin alƙiyama na Allah ne shi kaɗai. Ko da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amsar ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Musulmi ba ya jiran wata cibiya a Janiba ta sa masa hannu a kan wannan. Lissafin masana kuwa wani abu ne mai sharaɗi a gabansa: idan dokokin da muka auna su ke nan, idan babu wata ƙwaya da ba mu gano ba, to ga inda al'amari ya dosa. Kuma su da kansu sun san sharaɗin bai cika ba. Duk abin da ake gani, taurari da duniyoyi da mu, kashi 5 ne kawai cikin ɗari na abin da ke sararin samaniya. Kusan kashi 27 wani abu ne mai nauyi da ba ya ba da haske, wanda tsarin lissafin da aka yi hasashen kumfar da shi bai ƙunshe shi ba. Sauran shi ne ƙarfin nan mai tura faɗaɗa. Ƙwaya ɗaya sabuwa tana iya sauya amsar gaba ɗaya. Shi ya sa da yawa daga masanan ba su ɗauki faɗowarmu dab da iyaka a matsayin sanarwar ajali ba, sun ɗauke ta alamar cewa akwai karatu a gaba. Malamin da ya fahimci haka ba zai ji tsoron wannan ilimi ba, ba kuma zai ɗora masa kayan da bai ce zai ɗauka ba.

A teburin mai shayin akwai wani Alhaji mai sayar da shanu a mayankar Oko-Oba, mutum mai hankali da ba ya magana sai ta kama. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji bayaninka. Amma mu da ruwan Yuli ke shiga mana ɗaki, mu da tankar mai ke faɗuwa a hanyar Apapa, mu da kuɗin haya ke kora daga unguwa zuwa unguwa, ina ruwanmu da abin da zai faru bayan sifili ɗari?"

Na ce masa, "Alhaji, gaskiyarka." Kuma har zuciyata na faɗa. In ana maganar abin tsoro, kwatar da ta toshe a layinmu ta fi kumfar Coleman haɗari nesa ba kusa ba, kuma da saƙonnin murya za su koma kan kwashe shara kafin damina da an ceci rayuka. Ba na neman gwamnati ta bar gyaran magudanan ruwa ta gina zoben kilomita 27.

Amma ban yarda cewa babu ruwanmu ba. Ana yawan kare irin wannan bincike da cewa a CERN ɗin nan aka ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, kuma gaskiya ne, Tim Berners-Lee a can yake aiki lokacin. Sai dai ni ba wannan ne ya fi damuna ba. Ƙanena ya riga ya nuna yana da ruwa da maganar, tunda ta hana shi barci. Mai dako ma yana ɗaga kai ya kalli sama, yana tambayar ina aka dosa. Tambayar tana nan ko mun amsa ko ba mu amsa ba, kuma in mai ilimi ya ce wannan ya fi ƙarfin talaka, wani zai amsa masa da abin da ya ga dama. Akwai raini a cikin cewa Bahaushe ɗan ci-rani sai maganar farashin albasa. Kakanninmu sun san taurarinsu da sunayensu, Kaza da 'ya'yanta da Zara da Gamzaki, da su suke gane lokaci da hanya. A ƙarni na 18 wani malamin Katsina, Muhammad al-Kashinawi, ya yi rubuce-rubuce a kan lissafi da ilimin taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba baƙi ba ne mu a wannan fage, barinsa muka yi.

Kuma a Legas abin ya fi ciwo. Yaranmu a nan suna karatu da Turanci, suna wasa da Yarbanci da Turancin buroka, Hausa ta rage ta gida da masallaci. In yaro ya tashi bai taɓa jin an yi bayanin rana ko ƙwayar zarra da harshen uwarsa ba, zai ɗauka harshen ne bai iya ba. Ya iya. Daren nan ban yi amfani da kalmar Turanci ba sai sunayen mutane da na wurare da na ƙwayoyin nan, kuma mai shayi da Alhaji da dattijon shago duk sun bi ni daga farko har ƙarshe, har Alhaji ya kama ni a wani wuri da na tsallake mataki ya ce in koma. Fanko da shimfiɗa da kumfa da kurɗawa duk kalmominmu ne, jira kawai suke a ba su aiki.

Akwai 'ya'yan Hausawa da ke karanta kimiyya a jami'ar Legas da ke Akoka da ta jiha da ke Ojo, akwai malaman sakandare irina birjik daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago. Wayar da mai tsoratarwa ya yi amfani da ita tana aljihun kowannenmu. Minti huɗu ya ɗauka ya ruɗa jama'a, minti huɗu sun isa a faɗi abin da aka auna, da wanda ya auna, da shekarun da lissafin ya bayar. Ina roƙon masu makarantun Islamiyya na unguwanninmu su ba da sa'a ɗaya a wata, a gayyato mai ilimin kimiyya ya zauna kusa da malamin tauhidi, kowa ya faɗi nasa a iyakarsa, yara su yi tambaya. Ina roƙon limamanmu, in irin wannan saƙo ya bazu, su tambayi wanda ya karanci fannin kafin su hau mumbari da shi. Wanda kuma aka turo wa saƙon, kafin ya danna turawa ya tambayi mai turowar: shekara nawa aka ce, kuma wa ya auna? Saƙon da ƙanena ya kawo bai da amsar ko ɗaya.

Ranar Lahadin da ta biyo baya wuta ta kwana. Dattijon shago ya aiko yaro ya kira ni da sassafe, ya ce an samu leda uku. Na je da ƙanena da yaran gidanmu huɗu. Muka ba ƙaramarsu ta riƙe ɗaya da hannu biyu, ƙanena ya ɗalle ta, farin ya bazu daga kusurwa zuwa kusurwa, yara suka yi shewa. Babbar, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ba ta yi shewa ba. Ta tsura wa leda ta biyu ido, wadda ba a taɓa ba tukuna, ta ce, "Kawu, in muka mayar da wannan firiza ba mu taɓa ta ba, kuma wuta ba ta ɗauke ba, za ta zauna ruwa har abada, ko wata rana za ta daskare da kanta?"

Dattijo ya karɓi ledar a hankali, ya mayar da ita kusurwar firiza, ya ɗaura mata jan zare don kada yaron shago ya sayar. Yarinyar ta yago takarda daga littafinta ta rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa, ta liƙa a jikin murfin.